An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Maganar Gyaran Manhajar Uwar Garke

Jama'a, akwai wata kalma guda da ta zama mafaka a ofisoshinmu da makarantunmu na yau, ita ce "netwok". Malami ya je shigar da sunayen yaransa na jarrabawa a shafin intanet, shafi ya ƙi karɓa, sai a ce masa netwok ne, ya komo gobe. Akawu ya nemi fitar da takardar albashi, allo ya yi fari fat babu ko harafi, sai a ce netwok ne. Gobe ta zo, jibi ta zo, abu yana nan yadda ya ke. Mu dai a ganinmu, sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Waya lafiyarta lau, saƙo ya tafi ya isa inda aka aike shi, can ne ya yi tuntuɓe, a cikin manhajar da ke zaune kan uwar garke. Abin da mu ke so mu faɗa shi ne, neman aibi a irin wannan manhaja aiki ne mai ƙa'ida, ƙa'idar kuwa tsohuwar ƙa'idar akawu ce: a rubuta abin da ya faru, a karanta abin da aka rubuta, sa'an nan a sa hannu a gyara. A iyakar abin da muka gani, ana koya wa samarinmu gina shafi, amma ba a cika koya musu wannan ba.

Bari mu fara bayyana yadda abin ya ke tafiya, don kada mu bar kowa a baya. Sa'ad da ka cika fom a shafin intanet ka latsa, abin da ke hannunka, waya ce ko kwamfuta, masinja ne kurum. Ya kan ɗauki buƙatarka ya kai wa wata babbar kwamfuta da ke wani gari ko wata ƙasa, ita a ke kira uwar garke. A cikinta akwai manhajar da wani ya rubuta da PHP ko Python ko Java, wadda ke zaman akawun ofis: ta karɓi takarda, ta duba, ta shiga ɗakin fayil ta ajiye ko ta ɗauko. Ɗakin fayil ɗin shi ne rumbun bayanai, irin su MySQL da PostgreSQL. In ta gama sai ta ba masinja amsa ya komo maka da ita. Wannan tsari ya samo asali ne daga shawarar da Tim Berners-Lee ya rubuta a 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba, kuma cikin ƙa'idojinsa, waɗanda a ke kira HTTP, an shar'anta cewa kowace amsa ta zo da lamba mai alƙaluma uku. In lambar 200 ce, komai ya tafi daidai. In ta fara da 4, daga wajen mai nema matsalar ta ke: 404 na nufin abin da ka nema babu shi a wurin, 403 na nufin yana nan amma an hana ka. In ta fara da 5, to, uwar garke ce da kanta ke amsa laifi. Lamba 500 na nufin manhaja ta faɗi a tsakiyar aiki, 502 da 504 kuwa na nufin mai tsaron ƙofa ya miƙa buƙata ciki, ya sami amsar banza ko ya gaji da jira.

To, ku duba nan da kyau. Duk wanda ya ga 500 a allonsa, ya sami shaida a hannu cewa netwok ya yi aikinsa, domin da saƙo bai isa ba, wa zai aiko masa da lambar? Wannan abu kaɗai in kowane malami da akawu ya riƙe shi, da gardama mai yawa ta ragu.

Lambar 500 dai ba ta faɗin abin da ya faru, ihu ne kurum. Bayanin yana cikin rajistar kurakurai, watau littafin da uwar garke ke rubuta kowace faɗuwa a ciki, da ranarta da sa'arta da sunan fayil da lambar layin da aka yi tuntuɓe. Al'adar nan tsohuwa ce. Ran 9 ga Satumba 1947, ma'aikatan da ke lura da na'urar lissafi ta Mark II a Jami'ar Harvard ta Amurka, ƙungiyar da Grace Hopper ke cikinta, suka ga na'ura tana kuskure. Suka bi ta har suka sami wani ƙwaro mai fukafukai, irin mai bin fitila da dare, ya maƙale a makunni na 70. Mutane sun fi son labarin ƙwaron, mu kuwa abin da ya fi burge mu shi ne abin da suka yi da shi: suka manna shi a littafin aikinsu, suka rubuta sa'a da wurin da aka same shi. Littafin yana nan ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a Washinton. Haka kuma Maurice Wilkes, wanda ya shugabanci ƙera na'urar EDSAC a Kambirij ta Ingila, wadda ta fara aiki a 1949, ya ba da labari daga baya cewa tun a shekarar nan ya gane wani babban rabo na sauran rayuwarsa zai ƙare ne wajen neman kurakuran da ke cikin abin da shi kansa ya rubuta. In babba irin wannan ya faɗi haka, ai ɗan koyo ba shi da dalilin jin kunya don manhajarsa ta faɗi.

Abin kunya shi ne toshe bakin manhaja. A PHP akwai makunnai biyu daban, ɗaya na nuna kuskure a allon mai ziyara, ɗaya na rubuta shi a rajista. Daidai shi ne a kashe na farko a kan uwar garken da jama'a ke amfani da ita, domin saƙon kuskure ya kan tona sunayen fayiloli da tsarin rumbu ga wanda bai kamata ya gani ba, a bar na biyu a kunne kullum. Amma sau nawa muka ga an kashe duka biyun? Daga nan a ke samun farin allon nan da ba ya cewa komai. Waɗansu kuma su kan rubuta manhaja ta yadda in kuskure ya taso za ta haɗiye shi ta wuce, har ma ta ce wa malami "an ajiye", alhali kuwa ba a ajiye komai ba. A zamanin En'e, akawun baitulmalin da ya ga lissafi bai daidaita ba ya yage shafin ya yi shiru, ai kowa ya san sunan da mai binciken kuɗi zai kira shi da shi. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ga wani abu da ya faru a gabanmu. A wata makaranta an kawo sabon shafin rajistar ɗalibai. Yawancin sunaye suna shiga lafiya, waɗansu kuwa ko sau goma aka gwada sai shafi ya faɗi. Aka ce netwok ne. Aka ce kwamfutar ofis ce ta tsufa. Aka ce malamin da ke shigarwa ne bai iya ba, har ransa ya ɓaci. Shi kuwa da ya ga an ɗora masa, sai ya ɗauki takarda ya riƙa rubuta kowane sunan da aka ƙi. Da yamma ya duba jerin: Sa'adu, Isma'il, Asma'u, Rabi'atu, Shu'aibu. Bai taɓa rubuta manhaja ba, amma nan take ya ga abin da ya haɗa su, ɗan waƙafin nan na sama da mu ke sa wa a madadin hamza da aini. Da aka buɗe rajistar kurakurai sai ga lamba 1064 ta MySQL jere reras, watau rumbu yana cewa an aiko masa da jimlar da ba ta da kan gado.

Dalilin kuwa ga shi. Manhaja tana magana da rumbu ne da wani harshe da a ke kira SQL, kuma a wannan harshe, waƙafin sama shi ne alamar buɗe zance da rufe shi. In mai gini ya yi ganganci ya liƙa sunan da aka rubuta kai tsaye cikin jimlar umarni, to sunan Sa'adu zai isa ga rumbu a haka: 'Sa'adu'. Rumbu ya ga waƙafin farko ya buɗe, ya karanta "Sa", ya ga waƙafi na biyu ya rufe, ya ɗauka suna ya ƙare. Sauran "adu" sai ya nemi ya karanta shi a matsayin umarni, bai san shi ba, ya tsaya. Ba mu kaɗai abin ke dama ba, mutanen Ailan masu sunaye irin su O'Brien sun daɗe suna kuka da shi.

A nan ne a ke gane mai gyara na gaskiya. Gyaran farko da ya kan zo wa mutum a rai shi ne a ce wa malamai su daina sa waƙafin, a rubuta Saadu da Asmau. Shafi zai karɓa, kowa ya huta. Amma an sauya wa yaro suna ke nan, kuma bayan shekara biyar ko goma, sa'ad da ya je banki ko ofishin fasfo da takardu biyu masu suna iri biyu, shi zai sha wahalar ragwancin wani, da rantsuwar kotu da zirga-zirga. Gyara na biyu shi ne a sa manhaja ta riƙa cusa wata karkatacciyar sanda gaban kowane waƙafi. PHP ta taɓa yin haka da kanta, aka riƙa ganin sunaye kamar Sa\'adu a kan takardu, har aka cire wannan dabara ɗungum a 2012 saboda ɓarnarta ta fi amfaninta. Gyara na ƙwarai shi ne a raba umarni da abin da mutum ya rubuta: a fara aika wa rumbu jimlar umarni da gurbi a cikinta, sa'an nan a aika sunan daban ya zauna a gurbin. Ta haka rumbu ba zai taɓa ɗaukar suna a matsayin umarni ba, ko me aka rubuta a ciki. Hanyar nan tana cikin PHP tun 2005 a ƙarƙashin abin da a ke kira PDO, sauran harsuna ma kowanne da irin tasa. Babu uzuri ga wanda ya bar ta.

Kada kuma a ɗauka maganar ta tsaya ga sunaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafar da sunan Sa'adu ya faɗa cikinta bisa tsautsayi, ita ɓarawo ke bi da gangan: ya rubuta waƙafi a gurbin suna, ya bi shi da umarnin kansa, rumbu ya bi, ya miƙa masa duk abin da ke ciki. Da irin wannan aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila cikin Oktoba 2015, ta waɗansu tsofaffin shafuka da ya gada daga wani kamfani da ya saya, aka kwashi bayanan mutum kusan 157,000, hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci shi tarar fam 400,000 a 2016. Saboda haka shugaban makarantar da aka ce masa shafinsu ba ya karɓar sunan Isma'il, ya san cewa mai yiwuwa sakamakon jarrabawar yaransa a buɗe ya ke ga duk mai son sauya shi.

Ɗan'uwan wannan ciwo shi ne na haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu ke sa 'y. Tsarin haruffan kwamfuta na farko da ya yaɗu, ASCII na 1963, gurbi 128 gare shi, babu namu a ciki. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wanda ke iya ɗaukar haruffan duniya, kuma a cikinsa kowane harafi mai ƙugiya yana cin ma'auni biyu, inda harafin Turanci ke cin ɗaya. Matsala ta kan taso ne in wani sashe ya rubuta da UTF-8, wani sashe ya karanta da tsohon tsarin Yammacin Turai. Sai ya ɗauki ma'aunai biyun nan ya mai da su haruffa biyu, kalmar "ƙasa" ta fito "Æ™asa". MySQL kuwa a kan tsohon tsarin nan, latin1, ta ke zuwa in ba a sauya ba, sai a fitowa ta 8.0 a 2018 aka mai da utf8mb4 ya zama na asali. Saboda haka tsofaffin rumbuna da yawa har yanzu da shi su ke. Wurare huɗu ne tilas bakinsu ya zo ɗaya: shafin da ke karɓa, igiyar da ke tsakanin manhaja da rumbu, teburin da ke cikin rumbu, da shafin da ke nunawa. Ɗaya ya saɓa, rubutu ya lalace.

Akwai bambanci guda da mu ke roƙon masu gyara su lura da shi kafin su taɓa komai. In ka ga tarkacen haruffa irin na "Æ™", yawanci bayanin yana nan da ransa, karatunsa ne aka yi a karkace, ana iya komo da shi. In kuwa alamar tambaya ce ta zauna a gurbin harafin a cikin rumbu kansa, "?asa", to harafin ya tafi ke nan, kwamfuta ba ta san ko ƙ ne ko ɗ ne ko ɓ ba, sai an koma ga takardun asali an sake bugawa da hannu. Gaggawar juya rumbu daga wani tsari zuwa wani ba tare da an ɗauki kwafi ba ita ke mai da ciwo na farko ya zama na biyu. Wani abu kuma da ba kowa ke lura da shi ba: waƙafin sama kansa iri-iri ne. Wayoyi da manhajojin rubutu su kan mai da miƙaƙƙen ya zama lanƙwasasshe, ido na ganinsu ɗaya, kwamfuta na ganinsu biyu. Sai ka nemi Rabi'atu a ce babu ita, alhali tana nan, da wani waƙafin aka shigar da ita. Maganinsa a sa manhaja ta mai da su iri ɗaya tun a bakin ƙofa.

Sai kuma maganar nan da kowane mai gini ya taɓa faɗa, "ai a kwamfutata yana aiki". Gaskiya ya faɗa, amma ba a kwamfutarsa jama'a ke shiga ba. Windows ba ta bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil, Linux kuwa, wadda uwayen garke da yawa ke kanta, tana bambantawa, saboda haka fayil ɗin da aka sa wa suna da babban baƙi aka kira shi da ƙarami zai ɓace da zarar an ɗora. PHP in ba a sauya ba ba ta karɓar fayil da ya wuce megabayit 2, hoton wayar zamani kuwa ya kan fi haka, shi ya sa hoton ɗalibi ke ƙin hawa. Agogon uwar garke sau da yawa a kan lokacin Girinic ya ke, mu kuwa a Nijeriya da Nijar muna gaba da sa'a guda, sai rasit ɗin da aka yanka ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare ya fito da kwanan watan jiya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin abu ne ga wanda ya kwatanta wuraren biyu da natsuwa.

Ga wanda bai kwatanta ba kuwa, labarin kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya ishe shi. Sun ɗora sabuwar manhaja a kan uwayen garke bakwai cikin takwas, aka manta da ɗaya. Ran 1 ga Agusta 2012, kafin a buɗe kasuwa, na'urarsu ta aike wa ma'aikata saƙonnin imel 97 masu nuna akwai matsala, ba wanda ya ɗauke su da muhimmanci. Da aka buɗe kasuwa, ta takwas ɗin ta shiga saye da sayarwa ba kan gado. Cikin ruɗewa, ba su gano tushen ba tukuna, sai suka cire sabuwar manhajar daga bakwai ɗin da ke lafiya, abin ya ƙara muni. Garin neman gira aka rasa ido. Cikin kamar minti 45 suka yi hasarar fiye da dala miliyan 440. An rubuta gargaɗi ba a karanta ba, an taɓa kafin a gane.

Akawuna za su so su ji waɗansu biyu da suka shafi alƙaluma. Lambar waya ba adadi ba ce, ba a tara ta ba a ɗebe ta, amma waɗansu su kan ajiye ta a gurbin adadi. Nan take sifirin farko ya faɗi, sauran alƙaluma goman kuma sun fi ƙarfin gurbin da aka saba, wanda iyakarsa 2,147,483,647. Rumbu ko dai ya ƙi karɓa, ko kuwa, in an sassauta masa, ya rubuta wannan iyakar ga kowa, ka ga mutum ɗari da lambar waya guda. Kuɗi kuma, kwamfuta ba ta iya riƙe waɗansu ɓangarorin adadi daidai a tsarin da ta saba: ka ce wa Python ta tara 0.1 da 0.2, za ta ba ka 0.30000000000000004. Ɗan bambancin nan in ya taru a kan bauca dubbai sai lissafi ya ƙi rufuwa. Masu hankali da kwabo su ke ajiye kuɗi, adadi cikakke, ko a gurbin da aka keɓe don wannan, sai wajen nunawa su mai da shi naira.

Ranar ƙarshe ta rajista kuwa, sa'ad da kowa ya taso lokaci guda shafi ya durƙushe, ita ma ba safai ta ke zama laifin waya ba. Manhajar da za ta nuna ɗalibai ɗari biyar, maimakon ta tambayi rumbu sau ɗaya, sai ta ɗauko jerin sunaye sa'an nan ta koma sau ɗari biyar tana tambayar ajin kowa, kamar masinjan da ke zuwa ɗakin fayil da takarda ɗai-ɗai. In kuma teburin ba shi da fihirisa, kowace tambaya sai an bi layi duka daga farko. Da mutum uku a ranar gwaji ba a gani. Da mutum dubu, ƙofofi 151 da MySQL ke buɗewa bisa asali sai su cika, daƙiƙa 30 da PHP ke ba kowane aiki ta ƙare, 500 da 504 su yi ta zuba. Abin da a kan yi a nan shi ne a kashe a kunna. Ya kan lafa na ɗan lokaci, ba mu musa ba, kuma wani lokaci tilas ne don jama'a na jira. Amma a kwafi rajista tukuna, a duba waɗanne tambayoyi ne suka maƙale, in ba haka ba an share sawun ɓarawo, gobe ya komo.

Hanyar da mu ke so a koyar ba ta da wuyar faɗi. Mai gyara ya fara sa kuskuren ya sake faruwa a gabansa da gangan, domin abin da ba ka iya tayarwa ba, ba za ka san ko ka kwantar da shi ba. Ya karanta saƙon kuskure har ƙarshe, harafi bayan harafi. Ya tambayi abin da aka sauya tun ranar da abu ke lafiya. In bai san inda ɓarnar ta ke ba ya raba hanya biyu, ya duba ko bayani ya iso tsakiya lafiya, ya sake raba rabin da ke da ciwo, kamar yadda akawu ke neman inda jimla ta kauce a dogon shafi. Manhajar Git, wadda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, tana ajiye tarihin kowane sauyi, har tana da umarnin da ke yin wannan rabon a cikin tarihin. Ya sauya abu ɗaya kurum a lokaci guda, a kan uwar garken gwaji, ya rubuta abin da ya sauya. Wanda ya sauya abu biyar abu ya gyaru, bai san wanne ne magani ba, bai kuma san ko sauran huɗun sun haifar da sabon ciwo ba.

Za a ce mana yanzu ai akwai na'urorin amsa tambaya irin su ChatGPT, wadda ta fito a ƙarshen 2022, mutum ya tambaya a ba shi gyara. Muna amfani da su, kuma suna taimako. Sai dai likita komai gwanintarsa, in ka ce masa "ba ni da lafiya" ka yi shiru, lalube zai yi. Wanda ya kai musu ainihin saƙon rajista da layukan da abin ya shafa shi ke samun amsa mai amfani, kuma shi ke iya gane in amsar ta kauce, domin su kan kauce da cikakken ƙarfin hali. A kiyaye kuma kada a liƙa musu kalmar sirrin rumbu ko bayanan yaran mutane.

Wani abin da ke hana gyara shi ne tsoro. Inda duk wanda ya faɗi kuskurensa za a ci masa mutunci, kowa ɓoyewa zai yi. Ran 31 ga Janairu 2017 wani ma'aikacin GitLab, cikin gajiyar dare, ya goge rumbun da jama'a ke amfani da shi yana zaton na ajiya ne. Da suka juya ga kwafe-kwafensu sai suka tarar hanyoyin da suka dogara da su ba sa aiki. Ɗaya ta daɗe tana faɗuwa saboda saɓanin fitowar manhaja, saƙonnin da ke sanar da faɗuwar kuma ba sa isowa. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu kamar sa'a shida kafin nan shi ya cece su, aikin sa'o'in nan kuwa ya tafi. Kamfanin ya bayyana abin da ya faru dalla-dalla ga duniya, ya ɗora laifin a kan tsarin da ya bar kuskuren mutum guda ya yi wannan ɓarna. Ba a fafe gora ranar tafiya: kwafin da ba a taɓa gwada mayar da shi ba, ba a san ko kwafi ne ba.

Saboda haka muna da roƙo ga malamai da akawuna. In shafi ya ƙi, kada ku aika da "ba ya yi". Ku rubuta rana da sa'a da minti, da shafin da ku ke, da ainihin abin da kuka shigar, da lambar da ta fito, ku ɗauki hoton allo. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, kuma da sa'ar nan da kuka rubuta mai gyara zai je kai tsaye ga layinta a rajista. Shugabannin da ke ba da kwangilar gina shafi kuma, kafin a biya kuɗin ƙarshe a sa ɗan kwangila ya nuna inda rajista ta ke, ya mayar da kwafin rumbu a gaban shaidu, a kuma zaunar da akawu ya shigar da Sa'adu da Ɗanladi da Ƙasimu da 'Yar Baba, ya nemo su, ya buga su a takarda a gani.

Mu kuma masu horar da malamai, namu ya fi nauyi. Yadda a ka saba, jarrabawar ɗalibin kwamfuta ita ce ya gina shafi ya nuna yana aiki, abin da mai wayo ke iya kwafowa cikin dare guda. Shawararmu ita ce a ƙara wata jarrabawa: a ba shi manhajar da ke aiki wadda malami ya ɓata da gangan a wurare uku, a ba shi rajistarta da sa'a biyu. Rabin maki a kan gyaran, rabi a kan takardar da zai rubuta da hannunsa, inda zai faɗi abin da ya gani, da abin da ya zata, da yadda ya gwada zaton, har da zace-zacen da suka fito ƙarya. Ɗaya daga cikin ɓarna ukun ya zama ta waƙafin sama.